Daga Ƙofar Doka zuwa situdiyo: Wa zai miƙa wa tsohon fursuna makirufo a Zariya?

Wanda aka sallama daga gidan gyaran hali na Ƙofar Doka da hantsi zai iya isa Samaru kafin a kira azahar. Hanyar sananniya ce: Tudun Wada, PZ, Kwangila, Palladan, sai ga babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. Kuɗin bas ko na Keke Napep kawai ake buƙata.

Wahalar tana farawa ne bayan an sauka daga motar.

A ɗauki misalin matashin da ya shiga yana ɗan shekara 21, ya fito yana da 26. Layin wayarsa an daɗe da rufe shi. Maigidan da yake koya masa gyaran waya a kasuwar Sabon Gari ya ɗauki wani yaron. Yarinyar da yake nema tana ɗakin mijinta da goyo. A unguwa an daina kiran sa da sunan da aka raɗa masa, ya koma “yaron nan da ya dawo daga gidan yari”. Idan aka nemi waya aka rasa a majalisa, shi ake fara kallo.

Abin da ya fito da shi bai wuce leda ɗaya ba, a cikinta akwai littafin rubutu irin na ’yan firamare wanda ya cika da baitoci. Burinsa ya shiga situdiyo ya rera su a salon gambarar zamani, wadda matasa ke kira hip-hop.

Da yawa za su yi tsaki su ce ga aikin banza ya haɗu da ɗan banza. Wannan hukunci ya yi gaggawa. Matashin da ya gama wa’adinsa ya ɗauki makirufo ya cancanci a buɗe masa ƙofa, a saurare shi, a kuma biya shi idan aikinsa ya yi kyau. Sharaɗin guda ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba ne: kada ya mayar da gidan yari abin ado.

Su wane ne ke fitowa?

Kafin a yanke wa kowa hukunci na biyu, ya kamata a san waɗanda ke cikin gidajen nan.

Alƙaluman Hukumar Kula da Gidajen Gyaran Hali ta Najeriya sun daɗe suna nuna abu ɗaya: kusan biyu cikin uku na mutanen da ke tsare jiran shari’a suke yi. Kotu ba ta same su da laifi ba tukuna. Wani zai shekara uku ana ɗage zaman kotu, daga ƙarshe a sallame shi saboda babu shaida. Idan ya dawo unguwa, babu mai tambayar ko an same shi da laifi. “Ya yi zaman gidan yari” ta wadatar.

Akwai kuma waɗanda talauci ne ya zaunar da su. A watan Nuwamban 2023, Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 bayan an tara naira miliyan 585 an biya musu tara. Idan aka raba, kowane mutum ɗaya bai kai naira 150,000 ba. Da ’ya’yan masu hali ne, da ko kwana ɗaya ba su yi ba.

Sai kuma masu laifi na haƙiƙa: ƙwacen waya, fasa shago, sara-suka, dillancin ƙwaya. Waɗannan sun cutar da mutane, kotu ta tabbatar, sun kuma yi zaman da aka yanke musu.

A watan Agustan 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya wa hukumar suna daga ta gidajen yari zuwa ta gyaran hali. Dokar ta kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, irin su yi wa al’umma aiki da sasanta mai laifi da wanda aka zalunta. Ta kuma tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya nuna ya gyaru, tare da hana a nuna wa mai riƙe da ita bambanci saboda zaman da ya yi.

A takarda ke nan. A kasuwa kuwa, mai shago zai ce a kawo wanda zai tsaya masa. Mai Keke Napep ba zai ba shi haya ba sai da mai tsaya masa. Kamfanin tsaro zai tambayi tarihinsa. Iyayen yarinya za su aika a yi bincike, binciken kuma a ƙofar gidan yari zai tsaya. Duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa a rufe, ban da guda ɗaya da ba ta taɓa rufewa: ta tsofaffin abokan da suka kai shi can.

Me ya sa waƙa?

Waƙa na cikin sana’o’i ƙalilan da ba a neman takardar makaranta ko mai tsaya wa mutum. Mai situdiyo kuɗin zama yake karɓa. Mai saurare kuma kunnensa ne alƙali. Idan baiti ya zauna ya zauna, ko daga bakin wa ya fito.

Gambarar zamani kuma ta fi sauran salo sauƙin shiga. Ba ta buƙatar ’yan amshi ko makaɗa goma. Kiɗa ɗaya daga kwamfuta, makirufo ɗaya, sai bakin da ya iya sarrafa magana. Wanda ya shekara biyar a ɗaki ɗaya da mutum hamsin, ba waya ba talabijin, yakan fito da abu biyu: labari da iya faɗarsa.

Salon ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Tun kafin a ji sunan hip-hop, ’yan gambara na zagaya kasuwanni suna jero magana mai ƙafiya da sauri, da habaici da ban dariya, wani lokacin har da abin da ba a faɗa a gaban surukai. Shi ya sa da salon Amurka ya iso aka ara masa sunan gida. A yau DJ AB daga Kaduna, da ClassiQ da B.O.C Madaki daga Bauchi, da Morell da Deezell sun nuna cewa Hausa na hawa wannan kiɗa ba tare da ta yi tuntuɓe ba.

Zariya kuwa tana da abin da salon ke so. Samaru gari ne na ɗalibai tun da aka kafa jami’ar a 1962, inda dubban matasa daga kowane lungu na ƙasar nan ke zuwa da kunnuwansu da wayoyinsu. Sabon Gari kuma jirgin ƙasa ne ya haife shi a farkon mulkin Turawa, ya tara Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Banufe a layi ɗaya. Yaron da ya tashi a Muchiya ko Chikaji ko Hayin Dogo yana iya fara jimla da Hausa, ya ratsa ta Turancin buroka, ya dire da Hausa. Wannan cakuɗa ita ce jarin mai gambarar zamani.

Mutum uku, darasi uku

A Amurka, inda salon ya samo asali, fita daga kurkuku zuwa situdiyo tsohuwar hanya ce. Labarin mutum uku ya isa a ga fuskokinta.

Na farko shi ne Tee Grizzley, ɗan birnin Detroit. Labarinsa zai yi wa mutanen Samaru kama da na gida, domin ɗalibin jami’a ne. Ya shiga Jami’ar Jihar Michigan a lokacin da mahaifiyarsa ke ɗaure kan safarar ƙwaya, mahaifinsa kuma an kashe shi. A 2014 ya shiga fasa ɗakunan kwanan ɗalibai ’yan uwansa. Ya tsere zuwa jihar Kentucky, a can aka kama shi a yunƙurin fashi a shagon gwala-gwalai. Ya shafe fiye da shekara biyu a tsare, yana karatu yana rubuta baitoci.

An sake shi a watan Oktoban 2016. Bai ɓata lokaci ba ya ɗauki waƙar “First Day Out”, wato ranar farko da fitowa. Miliyoyin mutane suka kalle ta a YouTube, a 2017 kamfanin 300 Entertainment ya ɗauke shi. Kafin ɗaurin babu wanda ya san shi. Bayan fitowa ya gina sunansa daga tushe.

Sai dai labarin bai ƙare a nan ba. A watan Agustan 2019 aka buɗe wa motarsa wuta a Detroit, aka kashe ’yar uwar iyayensa wadda ita ce manajarsa. Suna da kuɗi ba su raba shi da haɗarin titi a dare ɗaya ba.

Na biyu shi ne Gucci Mane na birnin Atlanta. Shi ya riga ya yi suna kafin a kama shi a 2013 kan mallakar bindiga. Da bakinsa ya faɗa cewa ya shekara da shekaru yana shan haɗin maganin tari mai kodin, irin wanda ya addabi matasan Arewa har Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018, bayan binciken BBC. Ya fito a watan Mayun 2016 ya daina sha, ya rame, hankalinsa ya dawo, har wasu masoyansa suka riƙa raha cewa ba shi ba ne, musanya shi aka yi. Kundin da ya fitar bayan wata biyu ya hau mataki na biyu a jadawalin Billboard. Abin da ya ɗaga shi a karo na biyu sauyin da mutane suka gani da idonsu ne.

Na uku ɗan gida ne. Sauce Kid, wanda ya koma Sinzu, na cikin fitattun masu gambarar zamani a Legas a shekarun baya, har ya yi waƙar “Carolina” da Davido. A 2017 wata kotu a jihar Idaho ta Amurka ta yanke masa shekara biyu kan amfani da bayanan katin banki na wasu mutane. Ya fito a 2018 ya koma situdiyo. Amma kasuwar waƙa ba ta jiran kowa. Kafin ya dawo salo ya juya, sababbin yara sun cika fage, bai kuma sake hawa matakin da ya bari ba.

Ɗaya ya fara daga babu ya kai, ɗaya ya gyaru ya ƙaru, ɗaya ya dawo ya tarar an tashi kasuwa. Duk wanda zai ƙarfafa wa tsohon fursuna gwiwa ya shiga waƙa, ya faɗa masa labarin ukun gaba ɗaya.

Masu ja suna da hujja

Akwai mutanen kirki da ba su yarda da wannan magana ba, kuma bai kamata a raina hujjarsu ba.

Hujja ta farko ta wanda aka zalunta ce. Ɗalibar da aka tare da wuƙa a hanyar Danraka aka ƙwace mata waya, ko ɗan kasuwar da aka fasa wa shago a Sabon Gari jarinsa ya karye, me zai ji idan ya buɗe TikTok ya ga wanda ya yi masa haka ana yi masa liƙi? Shi ba wanda ya ba shi makirufo. Ba a yi hira da shi a rediyo ba.

Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma babu baitin da zai goge shi. Kotu na iya cewa mutum ya gama biyan gwamnati, amma haƙƙin mutum na nan sai an nemi yafiyarsa ko an mayar masa da abinsa. Mawaƙin da ya fito ya fara samun kuɗi, kafin ya sayi sarƙa da takalmi, ya nemi waɗanda ya cuta ta hannun mai unguwa ko limami ko fasto. Dokar 2019 ma ta san da irin wannan sasanci. Wanda ya kasa yin wannan, tubansa a baki ya tsaya.

Hujja ta biyu ta iyaye ce. Suna tsoron kada ƙananan yara su ɗauka cewa gidan yari makaranta ce ta zama tauraro. Wannan tsoro ma ba na banza ba ne. A Amurka an kai lokacin da kamfanoni ke tallar mawaƙi da yawan shari’o’in da ke kansa, yara kuma suka ɗauki ɗauri a matsayin shaidar jarumta.

Ƙasar Hausa ta san irin wannan tun da daɗewa. Marigayi Muhammadu Gambo na Fagada a jihar Kebbi, wanda aka fi sani da Gambu mai waƙar ɓarayi, ya yi suna da wasa manyan ɓarayi. Gwaninta ba a ja masa. Mutane sun saurare shi suna dariya suna jinjina hikima, amma kowa ya san wa waƙar ke ƙara wa ƙarfin gwiwa. Daga baya shi da kansa ya bayyana tubansa ya ajiye waƙar.

Abin lura shi ne, rufe wa tsohon fursuna baki ba ya maganin wannan haɗari. Masu kambama daba da ƙwaya a waƙa sun cika intanet, kuma akasarinsu ko ofishin ’yan sanda ba su taɓa kwana ba. Suna sayar da rayuwar da ba su ɗanɗana ba. Wanda zai iya ƙaryata su shi ne wanda ya ci gabza, ya kwana a zaune saboda cunkoso, ya ji rasuwar mahaifiyarsa a bakin mai ziyara bayan an yi sadakar bakwai. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, gargaɗi ma haka. Yaron da ba ya jin wa’azin malami ko faɗan uba yana iya tsayawa ya saurari wanda ya je ya gani.

Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya da manyan laifuka ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya gano cewa ’yan Najeriya miliyan 14.3 ’yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabaci binciken. Al’ummar da ke cikin wannan hali ba ta da yalwar da za ta jefar da muryar da yaranta za su iya ji.

Zazzau ta san fita daga kurkuku

Mutanen Zariya ba sa buƙatar a tsallaka teku kafin a nuna musu cewa ɗauri ba ƙarshen mutum ba ne. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta rayu a Sabon Gari, an ɗaure ta sau 16 saboda gwagwarmayar NEPU da neman ’yancin mata. Ta rasu a 2001, yau kuma babban asibitin Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke da shi. Sanata Shehu Sani ya yi zaman kurkuku a zamanin Janar Sani Abacha, a 2015 ya wakilci Kaduna ta Tsakiya a Majalisar Dattawa.

A fagen waƙa, an ɗaure Fela Kuti a 1984, aka sake shi a 1986, ya dawo ya ci gaba da fitar da kundaye. A 2007 kotu a Kano ta yanke wa Adam A. Zango wata uku kan kundin bidiyonsa na “Bahaushiya”, lokacin da Hukumar Tace Fina-finai ke tsananta wa masana’antar. Ya fito ya zama ɗaya daga cikin manyan taurarin Kannywood.

Dole a faɗi gaskiya, waɗannan ba ɗaya suke da mai ƙwacen waya ba. Wanda aka ɗaure saboda ra’ayinsa ko sana’arsa yakan fito jama’a na jiran sa a bakin ƙofa. Karɓar irin wannan ba ta da wuya. Inda ake gane zurfin yafiyar al’umma shi ne wajen wanda ya yi laifin da gaske, ya amsa, ya sha hukunci, ya fito ba mai tarbar sa sai tsohuwarsa. Bahaushe ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ba a yi wannan karin magana don lafiyayyen hannu ba.

Maganar kuɗi

Akwai wata gaskiyar da masoya ba su cika faɗa wa sabon mawaƙi ba. Waƙa ba ta ciyar da akasarin masu yin ta.

Kamfanin Spotify ya ce mawaƙan Najeriya sun samu fiye da naira biliyan 58 a dandalinsa a 2024. Adadin na da daɗin ji, amma kaso mafi tsoka na tafiya ne ga ’yan tsirarun taurarin da ake saurare a Turai da Amurka. Mai waƙar Hausa masu sauraronsa sun fi yawa a YouTube da Audiomack da TikTok, da kuma wajen masu tura waƙa a waya a bakin kasuwa, inda ko sisi ba ya isa hannunsa. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da mutum, sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda.

Abin da ke kawo kuɗi a Arewa shi ne wasan biki, da taron ɗalibai, da talla, da waƙar siyasa. Ta ƙarshen nan ita ce tarko mafi haɗari ga tsohon fursuna. Ɗan siyasar da ke neman mawaƙi mai tarihin daba sau da yawa ba muryarsa kaɗai yake so ba, har da yaran da ke bin sa. Idan zaɓe ya wuce aka fara kame, kowa ya san wa ake fara ɗauka.

Saboda haka wanda ya fito ya riƙe sana’ar hannu da rana, ya je situdiyo da dare. Ɗinki, walda, aski, gyaran waya, ko aikin fata wanda Samaru ke da cibiyar koyar da shi ta ƙasa. Aikin situdiyon ma kansa sana’a ce: haɗa kiɗa, tace sauti, ɗaukar bidiyo, gyaran hoto. Ko waƙar ba ta karɓu ba, wanda ya iya waɗannan ba zai kwana da yunwa ba.

Wa zai yi me?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gyaran ya kamata ya fara tun mutum na ciki. Jami’ar NOUN ta riga ta buɗe cibiyoyin karatu kyauta a wasu gidajen gyaran hali, an kuma ga fursunonin da suka kammala digiri. Idan an yarda da littafi, babu dalilin ƙin yarda da ajin rubuta waƙa da koyon sauti. A ƙasar Malawi, kundin da aka ɗauka a gidan yarin Zomba da muryoyin fursunoni ya shiga takarar kyautar Grammy a 2016. A Legas, mawaƙi Lamboginny ya shafe shekaru yana shirya wasanni a cikin gidajen yari.

Jami’ar Ahmadu Bello na da abin da ake buƙata. Sashenta na wasan kwaikwayo ya yi suna tun shekarun 1970 wajen fita daga aji zuwa cikin Samaru da ƙauyukan kewaye, ana wasa da jama’a kan matsalolinsu. Sashen Harsunan Afirka na da masana waƙa. Jami’ar da ta karrama Mamman Shata da digirin girmamawa a 1988 ta riga ta amsa cewa waƙa ilimi ce. Tsakanin Samaru da Ƙofar Doka tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce. Ɗaliban shari’a na Kongo kuma sun fi kusa, ga kuma masu jiran shari’a da fayilolinsu suka kwanta.

Gwamnatin Jihar Kaduna ba za ta ce abin na Abuja ne kaɗai ba. Gyaran tsarin mulki na watan Maris ɗin 2023 ya bai wa jihohi damar shiga harkar gidajen gyaran hali. Ƙaramin tallafi ga wanda aka sallama, da haɗa shi da maigidan sana’a na wata shida, ya fi arha a kan sake ciyar da shi shekara biyar.

Gidajen rediyon Zariya, irin su ABU FM da Queen FM da Alheri, su auna waƙa da abin da ke cikinta. Idan ta kambama ƙwaya da wuƙa a ajiye ta, ko da ɗan sarki ne ya rera. Idan ta faɗi gaskiya a saka ta, ko da mai ita jiya ya fito.

Masu situdiyo da masu shirya wasa su guji abu biyu: korar sa saboda tarihinsa, da kuma tallar sa da tarihin nasa. Wanda ya ce masa “saka kayan fursuna, ka riƙe adda, haka za ka yi tashe” ba masoyinsa ba ne.

Shi kuma mawaƙin, nauyin da ke kansa ya fi na kowa. Idan ya sake faɗawa, ba shi kaɗai zai faɗi ba. Duk wanda zai fito bayansa za a nuna shi a ce “ga irinsu nan”.

Alƙalin ƙarshe

Daga ƙarshe hukuncin na hannun mai riƙe da waya. Manhajojin nan ba su san alheri ko sharri ba, abin da aka fi kallo shi suke turawa gaba. Idan matashi ya fitar da waƙa biyu, ɗaya ta nadama ɗaya ta fankama, ta fankamar ta samu kallo dubu ɗari, ta nadamar ta samu ɗari biyu, an riga an faɗa masa wadda zai sake yi. Masu kallon da suka yi wannan zaɓi su ne kuma za su fito gobe suna cewa yaran zamani sun lalace.

A kowane mako ana buɗe ƙofar gidan gyaran hali na Ƙofar Doka, wani ya fito da ledarsa a hannu ya tsaya bakin titi yana duban hagu da dama. Tsofaffin abokansa sun san ranar fitowarsa, kuma ba sa makara. Saura a ga ko mutanen Samaru da Sabon Gari za su riga su isa.